Tsagar da ido ba ya gani

Allunan hasken rana, waɗanda kowa ke kira pano, sun cika kasuwannin jihar Maraɗi. Sun hau kan shaguna da gidajen likita, su ne kuma ke jawo ruwa daga foraj a ƙauyuka da dama na ƙasar Dakoro. Amma pano na iya tsagewa daga ciki alhali fuskarsa na sheƙi. A ƙasashen da ke ƙera irin waɗannan kaya, masana na farautar ɓoyayyar tsaga da wani amo wanda kunnen mutum ba ya ji, bayan sun koya wa kwamfuta yadda muryar tsaga take. Dabarar sabuwa ce, amma tushenta yana nan a rumfar masu tukwane.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen masu tukwane ranar kasuwar Dakoro ya ga wannan. Mace ta zo sayen tulu, ba ta farawa da tambayar kuɗi. Sai ta ɗaga shi ta wuya, ta riƙe sako-sako, ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa cikinsa nan da can, tana karkata kai. In amon ya fito garau, ya ɗan ja kafin ya mutu, sai a shiga ciniki. In kuwa ya fito a dushe, kamar muryar mai mura, sai ta ajiye shi ba ta ce uffan ba, mai tukwane ma ba ta gardama, don su biyun abu guda suka ji. Tsagar na iya zama siririya kamar gashi, ta ɓuya ƙarƙashin jar ƙasar da aka shafe tulun da ita. Ido bai gan ta ba, kunne ya kama ta.

Ba ita kaɗai ke da wannan sani ba. Mai sayen ƙwarya haka yake yi. Magini ya kan bi yaɓen siminti da ɗan ƙarfe yana bugawa, inda ya ji amon ganga ya san yaɓen ya saki bango ko da bai faɗo ba tukuna. Likitan da ke ɗora yatsa bisa ƙirjin marar lafiya yana bugawa da wani yatsan, gadon wani likitan Ostiriya yake ci, Leopold Auenbrugger, wanda ya wallafa dabarar a 1761. Dalilin kuwa guda ne a ko'ina: abu mai lafiya in an buge shi jikinsa duka ke rawa tare, shi ya sa amon ke daɗewa, in akwai tsaga, leɓunanta biyu na gogar juna, su cinye rawar nan da nan. Har a manyan filayen jiragen sama, inda ba a rasa na'ura ba, makanikai na bin wasu sassan jirgi da ƴar ƙaramar guduma, ko ma da kwandala, suna saurare. Wannan gwaji yana cikin littattafan aikinsu.

Kaya masu hawa-hawa

Tulu jiki guda ne, daga baya har ciki yumɓu. Kayan zamani da yawa ba haka suke ba. Haɗi ne na abubuwa biyu ko fiye, an shimfiɗa su hawa-hawa an manne, don a sami ƙarfin da ɗayansu ba ya da shi shi kaɗai. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga wanda ya san dalilin da ya sa ake cuɗa ƙasar gini da ciyawa. Tayar mota haɗi ce ta roba da waya da zare. Katakon nan mai ninki da kafintoci ke rufe saman ɗaki da shi, haɗi ne. Jirgin Boeing 787, kusan rabin nauyin jikinsa zaren gawayi ne da aka saƙa aka jiƙe da wani irin ƙaro, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Jirgin Airbus A350 ma ya ɗan ɗara haka.

Ciwon irin waɗannan kaya daban yake. Ƙarfe in ya sha duka ya kan lotsa, kowa ya gani. Haɗin zaren gawayi kuwa, makaniki na iya sakin sifana ta faɗa masa, a duba a ga ɗan tabon da bai kai a kula ba, alhali can ciki shimfiɗu sun saki juna a wuri mai faɗin tafin hannu. Daga nan tsagar ke ci gaba da tafiya tsakanin hawa da hawa, a ɓoye.

Babu mai sayar da fukafukin jirgi a Dakoro. Amma akwai pano, shi ma hawa biyar ne. A sama gilashi mai kaurin milimita 3 da ɗan ɗori. Ƙarƙashinsa roba mai danƙo, sannan ƙwayoyin silikon, waɗannan ƴan murabba'ai baƙaƙe ko shuɗɗa da ake hange, sau da yawa 60 ko 72; sannan wata robar, sannan farar leda mai kauri a baya. A masana'anta ake gasa su tare da zafin da ya kai wajen digiri 150 har su zama abu guda, a kewaye su da bakin alminiyom. Ƙwayoyin ne ke juya hasken rana zuwa wuta, kaurin kowace kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Ɓawon ƙwai ya fi ta kauri. Gilashin na iya ɗan lanƙwasa ya komo daidai, ƙwayar da ke ƙarƙashinsa ta riga ta tsage.

Yaya take tsagewa? A hanya, galibi. Pano ya fito daga ƙasar Sin, ya sha teku, ya sauka tashar jiragen ruwa. Bayan rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, wasu ta Kano da Katsina. In ya iso Maraɗi, saura wajen kilomita 120 zuwa Dakoro, daga can kuma sai hanyar rairayi, bisa kamyon ƴan kasuwa ko amalanke ko bayan babur, a kwance, an ɗaure shi tamau da igiyar roba, wani lokaci da buhu a kansa. Mai kafawa ya dafa shi da gwiwa don ya ɗaure kusa. Yaro ya taka shi garin sharar ƙura. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke barin alama a gilashi.

Abin da ya sa lamarin ke da wuyar shari'a shi ne, ranar farko pano mai tsaga na ba da wuta kusan kamar lafiyayye. Sai rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, yau da gobe, tsagar ta buɗe, wani yanki na ƙwayar ya yanke daga sauran. Ƙwayoyin kuwa jere suke kamar raƙuman ayari, igiya guda ta haɗa su, gurgu ɗaya na rage tafiyar duka. Ƙwayar da ta raunana ta kan koma cin wutar ƴan'uwanta, ta yi zafi, har ta ƙone ledar baya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren laima ce ta damina, wadda ke bin inda roba ta saki gilashi ta shiga ta ci wayoyi.

A birni wannan hasarar kuɗi ce. A arewacin Dakoro, wajen kwarin Tarka, inda zurfin rijiya kan haura mita 50 kuma garke ke jiran layi tun asuba, magana ce ta ruwa. Famfon da ke aiki da rana in wutarsa ta ragu, ya kan makara tashi da safe, ya riga lokaci tsayawa da maraice, shato ba ya cika. Sai a zargi famfo, a zargi mai gadi, a ce ruwan ƙasa ne ya ja baya. Masana'antu na ba da alkawarin shekara 25, cewa pano zai riƙe wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Wane ne a ƙauye zai kai ƙara Sin?

Nijar ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Tun 1965 aka kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni ya daɗe yana shugabanta, kuma kafin shekarun 1960 su ƙare an kunna talabijin na lakkol da hasken rana kusa da Yamai. An buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023. Amma abin da ya tura talaka da ɗan kasuwa rumfar masu pano shi ne watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin ke ba da wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar, ta yanke layi na tsawon watanni. Kaya suka kwararo, sabo da tsoho, mai suna da marar suna. Yawancin cinikin kuwa na biri a sama ne. In an ƙwanƙwasa pano, gilashin ne ke amsawa, shi kuwa lafiyarsa lau.

Amon da kunne ba ya ji

Kunnen ɗan Adam na jin rawar da ba ta wuce sau 20,000 cikin sakan guda ba. Abin da ya haura nan, jemage na ji, mutum ba ya ji. Matan da suka taɓa zuwa awon ciki sun san amfaninsa, don da shi ake yin eko: a tura amon cikin jiki, ya bugi abin da ke ciki ya komo, na'ura ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Siririn amo na ganin siririn abu. Shi ya sa yake kama tsagar da bugun yatsa ke tsallakewa.

Tarihinsa ya bi ta Faransa. A 1880 ƴan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa wani dutse mai ƙyalli, kwarts, in an matse shi yana fid da wuta. Ba a jima ba aka tabbatar in an ba shi wuta ya kan motsa. Irin wannan hali ne ke cikin biriken da ake dannawa ya yi ƙyas. Paul Langevin ya yi amfani da shi a 1917, lokacin yaƙin duniya na farko, don neman jiragen ƙarƙashin teku. A 1928 wani Barashe, Sergei Sokolov, ya kawo shawarar a nemi aibin ƙarfe da shi. Daga nan aka sami na'urar da ake ɗorawa bisa ƙarfe, ta harba amo kai tsaye ciki, ta auna lokacin komowarsa. A iska amo na cin mita 340 cikin sakan, a ruwa wajen 1,500, a ƙarfe kusan 5,900. Wanda ya san gudun ya san zurfin abin da ya mayar da shi.

Aibin wannan hanya ɗaya ne: abin da ke ƙarƙashin na'urar kaɗai take gani. Mai binciken fukafuki sai ya bi shi taku-taku, kamar mai neman allura a tsakar gida da fitilar hannu.

A nan wata hanyar ta shigo. Mai jan ruwa a rijiya mai zurfi ba ya ganin wasaki, amma in ya taɓa ruwa ya kan ji a hannunsa, don motsin ya biyo igiya bai watse ba. Yaro in ya kara kunne a bututun famfo, wani ya buga can nesa, zai ji kamar a gabansa. Jikin abin ne ke yi wa amon jagora. Haka allo marar kauri yake: fuskarsa ta sama da ta ƙasa na tsare amon tsakaninsu, ya bi shimfiɗar ya yi nisa, yana cika kaurin duka. Wani masanin lissafi na Ingila, Horace Lamb, ya fid da lissafin wannan a 1917, shi ya sa ake kiran irin wannan motsi da sunansa. Lissafin ya kwanta cikin littafi shekaru arba'in da ƴan kai, sai wajen 1961 wani Ba'amurke, Worlton, ya nuna shi a fili cikin ɗakin gwaji.

Yau abin da ake yi shi ne a manna ƴan fayafai masu faɗin kwandala a jikin allon, nesa da juna. Ɗaya ya yi kira, sauran su saurara, sannan su yi musanya. Amon da ya tarar da wurin da shimfiɗu suka saki juna ya kan rabu biyu, wani ya bi sama wani ya bi ƙasa, gudunsa ya canja, wani sashe ya juyo baya. In an haɗa abin da kowane faifai ya ji, ana iya cewa ga inda ciwon yake. Kuma tun da fayafan na zaune a jikin abin, ba sai an sauke shi an kai shi wurin bincike ba.

A baki da sauƙi. Amon da ke bin allo ba iri guda ba ne. Akwai wanda ke tafiya yana kumbura allon yana tsuke shi, kamar ƙwai a wuyan maciji. Akwai mai kaɗa shi sama da ƙasa, kamar zane a kan igiyar shanya. Kowanne da gudunsa, gudun kuma na canjawa gwargwadon sirancin amon da kaurin allon, har kiran da ya tashi a dunƙule ya iso a warwatse. A cikin haɗin zare, amon ya fi sauri in ya bi tsawon zaren bisa ga in ya gitta shi, kowace shimfiɗa kuwa da inda zarenta ya fuskanta. Ga bakin allo na mayar da amsa, ga ramin kusa, ga kowane maɗauri. Abin da ke isowa ga mai saurare hayaniya ce irin ta kasuwar dabbobi da azahar, kuma cikinta ake so ya tsinci muryar tsaga guda wadda bai taɓa ji ba.

Tsagar ƙarya cikin kwamfuta

Mai bin sawu a dajin Dakoro, in an sace raƙumi, ya kan dubi rairayi ya ce wannan taguwa ce, tana ɗauke da kaya, ga ɗingishi a ƙafar baya. Ya iya ne don ya ga dubban sawu tare da dabbobin da suka yi su. Injiniya ba ya da wannan gata. Kafin ya san sawun kowace tsaga, sai ya ƙera fukafukai dubu ya fasa kowanne a wuri daban, da girma daban, a zurfi daban. Ba kamfanin da ke da wannan kuɗi.

Saboda haka ake kwaikwayon abin cikin kwamfuta. A zana allon, a gaya wa na'ura kaurin kowace shimfiɗa, da nauyinta, da taurinta, da inda zarenta ya nufa. Sai ta yanka zanen gunduwa-gunduwa, dubu ɗaruruwa, wani lokaci miliyoyi, kowace na riƙe da maƙwabtanta. A taɓa guda, na'ura ta lissafa yadda motsin ke wucewa daga wannan zuwa waccan, mataki-mataki, kowane mataki bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. In ana son tsaga, sai a ce wa wasu gunduwoyi su saki hannun juna. Shi ke nan an sami tsagar da aka san wurinta da girmanta sarai, an kuma ji muryarta. A matsar da ita gaba, a sake. A faɗaɗa ta, a nutsar da ita hawa na uku, a sake. Cikin kwanaki an tara kundin sawu wanda da hannu sai a shekara ana yi.

Kundin na da amfani uku. Yana nuna irin amon da ya kamata a tura, don wata tsagar ba ta amsa wani kiran. Yana nuna inda za a manna fayafai, da guda nawa suka isa. Na uku, wanda ya fi jan hankalin masu bincike tun daga shekarun 2010, da shi ake horar da kwamfuta ta koyi rarrabewa da kanta: a nuna mata dubban muryoyi tare da amsarsu, har ran da za a kawo mata muryar allon gaskiya ta ce tsaga ce, ga wurinta. A Landan, masanan Imperial College, su Peter Cawley da Michael Lowe, sun yi suna a wannan fanni tun shekarun 1990. A Faransa hukumar makamashin nukiliya, CEA, ta ƙera manhajar CIVA da masana'antu ke kwaikwayon irin waɗannan gwaje-gwaje da ita.

Sai dai wanda zai sayi magana ya kamata ya ƙwanƙwasa ta ita ma. Allon cikin kwamfuta tsaf yake, ba ƙura, ba tsufa, ba kuskuren maƙeri. Tsagarsa a miƙe take, ta gaskiya kuwa karkatacciya ce mai rassa. Babban abokin gaba shi ne zafi. Abu in ya yi zafi gudun amo a cikinsa na canjawa, har bambancin safe da azahar ya fi bambancin lafiya da tsaga girma. Na'urar da aka horar da lissafin ɗaki mai digiri 20, in an kawo ta inda inuwa ke kai digiri 45 a watan Afrilu, jikin pano kuma ya haura 65, tana iya yin kururuwa ba ɓarawo, ko ta yi shiru ɓarawo na ciki. Ga pano ma akwai ƙarin wahala: robar da ke rungume da ƙwayoyin na shanye amo, ta fi shanyewa in ta yi laushi. Shi ya sa, ko da yake an gwada wannan hanya a kan pano cikin ɗakunan bincike, ba ita ce masu sayarwa da masu saye ke dogara da ita ba.

Inda ta riga ta zama sana'a shi ne bututu. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake ɗaura wa bututun mai wani zobe mai fayafai, ya tura amo gaba da baya, ya duba mita gommai daga wuri guda, har inda bututun ya shige ƙarƙashin hanya. In yana binne, ƙasa da rufin da aka yi masa na rage nisan ƙwarai. Ƙasar da ke da bututu daga Agadem zuwa matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, da wani mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin wanda ya fara lodin jirgi a watan Mayu na 2024, tana da bukatar ƴaƴanta su iya wannan aiki. Kuma rabinsa na kwaikwayo ba ya neman masana'anta. Kwamfuta mai ɗan ƙarfi da malamin da ya san lissafin sun isa a fara, a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko ta Abdu Mumuni a Yamai. Wanda zai sa zafin Dakoro cikin lissafin, da wuya ya fito daga Landan.

Akwai kuma abin da na'ura ba ta yi. Ranar 18 ga Yuni 2023, ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan ya murƙushe a hanyarsa ta zuwa gawar jirgin Titanic, mai zurfin wajen mita 3,800; mutum biyar suka mutu. Jikinsa zaren gawayi ne hawa biyar. Yana da kunnuwan lantarki a manne, ba masu tura amo ba, masu sauraren ƙarar zare in yana tsinkewa. Tun a watan Yuli na 2022 aka ji wata babbar ƙara bayan wani nutso, awon na'urorin kuma ya canja daga ranar. Rahoton hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka na watan Agusta 2025 ya nuna ba a tsaya an bincika ba, an ci gaba da ɗaukar fasinja. Tulun ya yi muryar mura, aka zuba masa ruwa.

Abin da ke hannu yau

Kafin waɗannan fayafai su iso kasuwar Dakoro, in za su iso, akwai abin yi. Na farko kyauta ne: pano a tsaye ake ɗaukarsa, bisa gefensa, da kwali ko tabarma tsakanin kowane biyu, ba a kwance ba. Ba a hawansa, ba a dafa tsakiyarsa, ba a kwara masa ruwan randa da tsakar rana. Mai saye ya juya bayansa ya duba ledar: kumburi, ko tabo ruwan ƙasa kamar na guga, alamar ƙwaya ce da ta sha zafi. A fuska ya nemi ƴan layukan nan masu kama da sawun dodon koɗi, waɗanda galibi ke bin tsaga, da wurin da robar ta yi fari ko rawaya. Wannan ga tsohon pano ke nan. Sabon da ya tsage jiya ba ya nuna ko ɗaya.

Ƴar na'urar awon wuta ta masu gyaran rediyo tana taimakawa, amma a yi hattara da yadda ake nuna ta. Mai shago ya kan auna volt, a ga lambar ta yi daidai da ta takardar da ke manne a baya, a ce lafiya. Volt kuwa ba ya saurin faɗuwa ko da ƙwaya ta tsage. Amfer ne ya fi faɗin gaskiya, a auna shi da rana tsaka, fuskar a goge, a kuma gwada da wani panon irinsa a gefe. Bayan an kafa, kyamarar da ke ganin zafi, har da ƙananan da ake maƙalawa a wayar hannu, na nuna ƙwayar da ta fi sauran zafi.

Gwajin da masana'antu suka fi yarda da shi kuwa da haske ake yinsa, cikin duhu. Pano in an juya masa aiki, aka tura masa wuta maimakon a karɓa, ƙwayoyinsa na fid da wani haske da ido ba ya gani amma kyamarar da aka shirya domin haka na ɗauka. A hoton, lafiyayyar ƙwaya fara take, tsaga baƙin layi, yankin da ya mutu baƙi ƙirin. Abin da ake bukata shi ne injin ba da wuta mai daidaituwa, da kyamarar, da ɗaki mai duhu ko daren da ba farin wata. Bai fi ƙarfin babban ɗan kasuwar Maraɗi ba, balle ƙungiyarsu, balle makaranta irin lisen fasaha ta Ɗan Kasawa.

Ga ma'aikacin gwamnati da ke sa hannu a takardar karɓar aiki, maganar ta fi nauyi. Ranar karɓar wucin gadi ruwa na zuba, ana tafi, kowa ya sa hannu. Ko a karɓar ƙarshe, bayan shekara, tsagar na iya kasancewa ba ta gama buɗewa ba, a saki kuɗin garantin da aka riƙe wa ɗan kwangila. Sai a rani na biyu ko na uku shato ya daina cika, lokacin da babu sauran wanda za a kama, sai kwamitin ƙauye da asusun da ya tara dala-dala daga kuɗin jarka. Takardar sharuɗɗan kwangila na iya neman hoton duhu na kowane pano, da lambarsa a jiki, sau biyu: ɗaya ran da aka sauke kaya a Maraɗi, ɗaya bayan an ɗaure kusa ta ƙarshe a bakin foraj. In na farko ya nuna tsaga, ta mai kawo kaya ce. In sai a na biyu ta fito, ta mai mota ce ko mai kafawa.